Bindigar Buba Ta Sha Gyara

Malam Tukur ya warware buhun a hankali, ya ɗora bindigar a kan tabarma, ya ja da baya yana jiran yabo. Umara, ma'aikacin gidan adana kayan tarihi da ya taso tun daga Kano, ya buɗe baki ya kasa rufewa.

Watan jiya Umara ya ga bindigar nan a wannan zaure: ta sojan Turawa, irin ta farko da ake ɗura wa harsashi ta baya, ba ta baki ba kamar ta maharba. Buba, mahaifin Tukur, shi ya ƙwace ta a hannun wani soja ranar yaƙin Haɗeja. Burin tsoho Tukur ɗaya ne, a sa ta cikin gilashi da sunan ubansa a ƙasa. To amma wa zai aika kayan ubansa birni da tsatsa? Mako uku ya yi yana zarya tsakanin maƙeri, kafinta da baduku. Yanzu ƙarfen na walƙiya, an yi mata sabuwar ƙota, an naɗe ta da jar fata har da tuntaye.

"Baba, ina lambar da ke nan? Ina hatimin Sarauniya?"

"Na sa an kankare. Ai ta daɗe da barin hannun Sarauniya."

"Su ne shaidar shekarunta, Baba. Tsohuwar ƙotar fa?"

Daga bayan zana Hajo, matar Tukur, ta amsa, "Da ita na yi bandar kifin da zan ba ka tsaraba. Icce ne mai kyau, ba ya saurin cinyewa."

Umara ya dafe kai. Nan Tukur ya gane ya yi ɓarna. Da ƙyar ya ce, "Ke nan ba za a rubuta sunan ba, ɗana?"

Umara ya dubi tuntayen, ya dubi tsohon, tausayi ya kama shi. Ya zaro kati ya yi rubutu. Tukur bai iya boko ba, ya ce a karanta masa.

"Bindigar Buba na Haɗeja. Turawa suka ƙera, ɗansa Tukur ya gyara."

Tsohon ya share ido da bakin riga, ya gyara zama.

"Akwai sauran wuri a takardar? To ƙara da cewa yanzu ta fi da kyau."