Hannun Goggo Filomena

A ƙauyenmu na kan tudu a Basilikata, can kudancin Italiya, duk wanda ya haura shekara hamsin ya taɓa kwance wa Goggo Filomena wando. Ita ce mai allurar gari. Likita ya rubuta magani, ita kuma ta zo har gida da sirinjinta na gilashi, ta tafasa shi cikin ɗan gwangwani, ta yi wa mutum, a sallame ta da ƙwai ko man zaitun. Sirinji ɗaya ne ya zaga gari kaf. Sai da aka fara gwajin jini muka san abin da ya bi ta gida-gida: ciwon hanta nau'in C. Mahaifina Saverio ya kamu, ita ma ta kamu.

Tun daga nan ta kulle kanta a ɗaki, ko coci ta daina zuwa. Ni dai ban ji tausayinta ba.

Ana cikin haka ƙanena ya dawo daga aikin jirgin ruwa da nau'in B a jininsa, ga shi gida ɗaya suke da Baba, har reza sukan ara wa juna. Likita ya ce hantar Baba ta riga ta gaji, in B ya hau kan C ba za ta ɗauka ba. Shi C ba shi da rigakafi, amma B yana da shi, allura uku ce.

Baba ya ce allambaram. Na yi lallashi, na yi faɗa, na ce tsoro ne ya kama tsoho. Ya ce shi ba tsoro yake ji ba, hannun da ya saba yi masa allura shi zai yi masa wannan.

"Baba, hannun da ya cuce ka?"

"Hannun da ya ratso dusar ƙanƙara ya zo kanki, Nunzia, lokacin da ciwon huhu ya kusa ɗauke ki."

Ranar nema ai sai haƙuri. Na haɗiye fushina na je na buga mata ƙofa. Ta rame. Ta ce ta rantse ba za ta ƙara taɓa allura ba. Na gaya mata ba don ita na zo ba, ran ubana nake so in ceta. Sai ta jawo baƙin mayafinta ta biyo ni.

A asibiti malamar jinya, wata yarinya mai suna Loredana, ta ce doka ba ta yarda wani ya yi allurar ba sai ita. Muka ƙulla dabara a bakin ƙofa. Dama Baba bango yake kallo in za a yi masa allura. Ya naɗe hannun riga ya juya, Goggo Filomena ta ɗan mari damtsensa yadda ta saba, ta ce, "Yi tari, Saverio." Ya yi tari, Loredana ta soka.

Baba ya gama saka maɓallinsa a tsanake.

"Yarinyar nan hannunta da nauyi, Filomena. Naki ba a jin shigarsa."

Ashe ya sani tun farko. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Ya tashi daga kujerar ya tura mata.

"Zauna. Hantarki ba ta fi tawa ƙwari ba."

Ta ce ita ba ta cancanta ba. Ya ce likita bai tambayi wanda ya cancanta ba. Ta zauna, hawaye na zuba, ni kuma na tsinci kaina ina naɗe mata hannun riga.

Muka fito ta dandalin gari, tsofaffi na zaune a benci suna kallonmu. Baba ya riƙe hannunta, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Saura biyu, Filomena. In ba ki zo kin ɗauke ni ba, ba na zuwa."