Jakar da Dorin Ba Ta Gama Ba

"Ba haka ba, Mekdalin! Ta ƙasa za ki zura allurar. Kai, wannan hannun naki ɓare buai kaɗai ya iya."

Dorin ce ke yi mini tsiya, muna zaune a ƙofar ɗakinta da hantsi. Ta miƙe ƙafafunta da suka kumbura suntum, ta ɗora bilum, wato jakar zaren da take saƙawa, a kan tulelen cikinta. Allurar ta ƙarfen tsohuwar lema ce, zaren kuma daga rigunan sanyi na gwanjo ta warware shi, ta murza a cinyarta. Ja da kore.

Na ce, "To wa ya aike ni? Ni na ce miki ina son koyon saƙa da furfurata?"

"Ki dai koya. Aiki ba ya son hannu ɗaya."

Na gane abin da take nufi, na yi kamar ban gane ba. Na tofar da jan yawun buai, goron taunawarmu, gefe, na sake zura allurar ta inda ba nan ba.

Shingen rake ne kawai tsakanin gidana da nata. 'Ya'yanta shida, kowanne da bilum ɗinsa da ta saƙa masa tun yana ciki. A cikin jakar jariri ke barci, a rataye shi a reshen kofi uwar tana haƙar dankali, in an tashi ta ɗora igiyar a goshi, jakar na lilo a bayanta. A haihuwa ta shida ne ta kusa tafiya, jini ya ƙi tsayawa. Sista Agata, ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa mana a motar asibiti, ta kama hannunta ta ce, "'Yar'uwa, jikinki ya gama nasa. In kika ƙara, ban yi miki alkawari ba."

Motar nan ranar kasuwa take zuwa, ta tsaya a filin makaranta. Mata su cika jaka da ganye kamar masu zuwa talla, su ɓulle ta bayan aji. Haka Dorin ta yi, aka sa mata ashanar hana ɗaukar ciki a damtsen hagu, ni na riƙe mata jaka. Mijinta Gande bai sani ba. Ba mugu ba ne, ko kusa. Mutum ne mai shiru wanda in maza suka ce gabas, gabas ɗin zai bi. Shi a ganinsa haihuwa ce ta tsaya da kanta. Shekarun nan Dorin ta yi kumatu, ta shiga ƙungiyar mawaƙan coci, har rawa take takawa.

Sai zaɓe ya zo. Wani mai neman kujerar kansila ya hau bayan mota da lasifika yana ihu: "Mutanen ƙetaren kogi suna ta ƙaruwa, mu kuma ana busar mana da mata! Wa zai tsare ƙasar kakanninmu? Wa zai jefa ƙuri'a gobe?" Ya yanka aladu, maza suka ci suka sha, kawunansu suka ɗau zafi. Da ranar kasuwa ta zagayo suka kayar da ƙatuwar bishiya a kan hanya. Duk ƙauyen babu mai saran Gande, don haka shi aka miƙa wa gatari. Motar ta zo ta tarar, ta juya. Daga baya an janye gungumen an yi makamashi da shi, amma motar ba ta sake dawowa ba. Mutumin kuwa ya ci kujerarsa.

Da wa'adin ashanar ya cika, na raka Dorin asibitin gari. Su ma tsoro ya kama su. Wata yarinya cikin farar riga ta ce, kanta a ƙasa, "Mama, ki yi haƙuri. Matan ɓangarenku sai miji ya zo da kansa."

A hanyar dawowa na ce, "Ki faɗa masa mana!"

"In ce masa me? Bishiyar da ka sara a kaina ta faɗa?"

"Eh! Haka ɗin za ki ce!"

"Ke ba ki san shi ba. Gaban maza zai ji kunya, gabana zai ji kunya. Ina zai sa kansa?"

Na yi ta masifa har muka sauka daga mota, ita tana ta dariya tana ba ni gyaɗa. Kafin kofi ya sake nuna, ciki ya fito.

To shi ne muke zaune da wannan hantsin, bilum ɗin ya kai rabi. Gande ya shigo da rake a kafaɗa, ya yanka mata gaɓa mai kyau, ya fere, ya ajiye a cinyarta.

"Maman Junia, wannan namiji ne. Dubi yadda yake shuri."

"Kai dai ka gyara rufin nan kafin ruwa ya sauko a kan namijin naka."

Ya yi murmushi ya wuce bayan ɗaki. Ta bi shi da kallo. Wallahi na ji haushinsa a lokacin, na kuma ji tausayinsa, ban san wanne ya fi ba.

Ta ce a hankali, "Mekdalin, in ban gama ba, igiyar ki yi ta da faɗi. Siririya tana cin goshi."

"Rufe mini baki! Ke za ki gama abinki."

"Kuma ki sa ido a kan Junia."

Junia ce babbar 'yarta. Aurenta bai daɗe ba, amma ga ɗaya yana rarrafe, ga ɗaya a nono.

Naƙuda ta zo mata wata safiya, hazo bai gama tashi daga kan duwatsu ba. Ba ta sha wuya sosai ba. Ta haifi mace, mai gashi cunkus, da ƙarar murya. Har mun fara guɗa. Sai na ga zanin da ke ƙarƙashinta ya jiƙe, na canza wani, shi ma ya jiƙe. Na fita da gudu ina kiran maza.

Suka zura sanduna biyu cikin buhunan kofi, suka ɗora ta, muka kama hawan dutse zuwa babban titi. Gande bai ɗauki sanda ba. Gefenta yake tafiya, ya riƙe damtsenta na hagu da hannu biyu. Muka wuce kututturen bishiyar nan, har ya yi sabon toho, ba wanda ya dube shi.

A bakin titi muka sauke ta a inuwa muna jiran mota. Ta buɗe ido ta neme ni.

"Kin ga? Na ce miki ki koya."

"Na koya, uwar tsiya. Na koya."

Ta juya wajen mijinta. "Baban Junia, ba namiji ba ne. Ka yi haƙuri."

"Ina so haka. Ina so," ya ce.

Motar haya ta zo daga baya, mai ita har ya sauke fasinja don ya ba mu wuri. Ba mu shiga ba, Dorin ta riga ta cika. Muka juyo da ita gida a kan buhunan nan.

A zaman makoki muka shafa laka a fuska, muka yi kuka har muryoyi suka dushe. Kansila ya aiko da alade. Ni dai ban ci ba, kuma na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji cewa ba zan ci ba.

Bayan an watse, ina zaune da bilum ɗin ina fama, sai ga Gande a bakin shinge. Ya rame, laka ta bushe a gemunsa.

"Maƙwabciya, zan tambaye ki."

"Ina ji."

"Ranar nan da na riƙe hannunta, na ji wani abu a ƙarƙashin fata. Siriri, kamar tsinke."

Na so in yi masa ƙarya, don ita da haka za ta so. Bakina ya ƙi.

"Ashana ce. Ta hana ɗaukar ciki. An ce in ta sake haihuwa ba za ta tashi ba. Ashanar ce ta tsufa, ba a samu an canza ba."

"A ina aka sa mata?"

"A motar nan."

Ya dafa shingen, ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Duk maganganun da na tara masa a cikina, masu zafi, na neme su na rasa. Sai kawai na ce, "Ba ta riƙe ka a rai ba. Ko sau ɗaya." Ya gyaɗa kai ya koma ɗaki.

Na gama jakar. Jan zare ya ƙare mini, na cike da ruwan ɗorawa. Ko makaho ya shafa zai san inda hannunta ya tsaya da inda nawa ya fara: nata a tsuke, nawa wage-wage. Igiyar dai na yi ta da faɗi.

Ranar wata kasuwa ina shimfiɗa buai a bakin hanya, sai na hango su suna hawowa. Junia a gaba da nata goyon, ga shi kuma ita ke shayar da ƙanwar tata yanzu. Mijinta na biye, sai sunne kai yake kamar wanda aka kamo. Gande a baya.

Na ce, "Ina zuwa haka?"

Junia ta ce, "Asibitin gari, Inna, a sa mini ashana. Baba ya ce an ce sai da miji, to ga miji."

Sai a lokacin na lura da Gande sosai. Namiji a wurinmu a kafaɗa yake rataya bilum, goshi na mata ne. Shi kuwa ya ɗora igiyar jakar da na gama a goshinsa, ya sunkuyar da wuya yadda Dorin ke yi. Samarin da ke caca a gindin kututturen suka fashe da dariya, wani ya yi fito. Bai waiwaya ba.

Na tsaya da buai a hannu ina kallonsu har suka sha kwana. Jakar na lilo a bayansa, ja da kore da ruwan ɗorawa, wata 'yar ƙafa ta leƙo ta cikin saƙata.