Kawu Attahiru Yana Daji

Da ciwo ya kwantar da Indo sosai, ba ta nemi a kai ta asibiti ba. Abu ɗaya ta roƙi ɗanta Kamal: ya nemo mata wanta Attahiru ya yafe mata tun tana da sauran numfashi. Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar mahaifinsu. Ita aka bar wa aika masa, ta kuwa aika, ɗan aiken ya yi ta bulayi bai same shi ba, aka rufe tsohon babu shi. Tun daga ranar Attahiru bai sake taka ƙofar gidanta ba.

"To ina yake, Inna?" in ji Kamal.

"Shina daji," ta ce da ƙyar. "Bayan Rusairis."

Shi Kamal a Hasahisa ta ƙasar Sudan ya tashi. Larabci ya fi zama a bakinsa, Hausar tasa ta cin tuwo ce da gaida baƙi. A tunaninsa daji wuri ne guda kamar kasuwa, ka sauka daga mota ka tambaya a nuna maka da yatsa. Allah sarki!

Ya sauka a Rusairis da hantsi, ya tsuguna wajen wata mai shayi da ya ji tana Hausa, Sabah sunanta.

"Baba, nan ne farkon daji?"

Sabah ta dire buta. "Daji? Kai ɗan wa ne? Ga wuta, ga kasuwa, ga madatsar ruwa kana gani da idonka, ka ce daji? Wa kake nema?"

Ya faɗa mata.

"Attahiru mai riɗi? Ai mutumin ƙauye ne. Hau waccan hafilar, inda ta tsaya ta ƙi gaba, nan ne."

Hafilar, wato bas ɗin, ta tsaya a wani gari mai ɗakunan ciyawa. Kamal ya yi sallama ga dattawa a gindin bishiyar bedi, ya gyara harshe, don yanzu ya koyi kalma. Ya ce ya zo ƙauyen nan ne neman kawunsa. Kai, da ya sani da bai buɗe baki ba! Wani mai farin gemu ya dube shi sama da ƙasa.

"Ƙauye hwa kac ce? Masallacin Juma'a gare mu. Ƙauye shi ne inda sai sun yi tattaki su bi wani liman. Nan gari na."

"Ku yi haƙuri, Baba. To Kawu Attahiru fa?"

"Shina tunga."

"Mece ce tunga?"

Dattawan suka kalli juna, suka yi salati. Ɗan Hausa, da gemunsa, bai san tunga ba. Aka yi masa bayani kamar ana ba jariri kunu: tunga inda manoma ke kafa bukka da damina, in kaka ta wuce su kwashe su dawo gida.

A keken jaki ya ƙarasa, rana tsaka. Ya tarar da bukkoki kamar ashirin da mata suna sussukar dawa. Wannan karon ya yi hattara, ya ce a hankali ko nan ne tunga.

"Dā ke nan," in ji wata tsohuwa, ba ta ko ajiye taɓarya ba. "Bara mun gina rijiya, mutum biyu kuma mun rufe a nan. Inda aka rufe mutum ai ya wuce tunga. Attahiru kake biɗa? Ya yi ciki."

"Cikin me, Inna?"

"Ciki dai."

Kamal ya samu turmi ya zauna, kansa ya ɗaure tamau. Ya ciro waya don ya ji ko Inna na nan da rai, babu layi ko ɗigo. Tsoro ya kama shi sosai. Tun safe yake tafe, kowa na tura shi gaba, har yanzu bai ga mutum ɗaya da ya yarda a daji yake ba.

Wani direban tarakta mai suna Jibo ya tausaya masa ya ɗauke shi. A hanya, cikin ƙarar inji, Jibo ya ce zai warware masa komai, ya kuwa ƙara dagula shi. Wai daji daban, dawa daban. Daji inda mata ke zuwa itace su dawo kafin azahar. Dawa sai ka ɗauki ruwa. Abin da Larabawa ke ce wa khala kuma shi ne inda ba ka jin carar zakara ko ta ina.

"To mu yanzu a wanne muke?"

Jibo ya waiga hagu da dama. "Wallahi nan dai hanya ce."

La'asar sakaliya suka iso wata gonar riɗi da ido bai ganin ƙarshenta. Wani dogon tsoho yana duƙe da lauje, yana yanka yana ɗaurewa yana jingina dammuna a tsaye. Da ya ɗago, Kamal ya ga goshin Innarsa sak.

"Kawu, ni ne Kamal, ɗan Indo."

Tsohon ya sauke laujen. Kamal ya tattara duk Hausar da yake da ita ya zayyana: Inna tana kwance, jiki ya yi tsanani, tana roƙo don girman Allah ya yafe mata.

"In yahe mata mi?"

"Rasuwar Kaka. Da aka rufe shi ba ka nan. Ta ce laifinta ne, saƙonta bai iso ka ba, shi ya sa ka yi fushi ka daina zuwa."

Attahiru ya saki baki. "Hushi? Ni? Wa yac ce mata hushi ni kai?" Ya girgiza kai. "Ubana ya mutu ina nan ina bin riɗi, ƙanwata mace ita kaɗai ta tsaya kan komi. Da wane ido zan dube ta? Shekara goma sha tara kunyarta ni ka ji, yaro. Ni ina nan ina jiran ta yahe mini."

Kamal ya tsuguna a gabansa. Shi dai an aiko shi karɓo yafiya, ga shi wanda zai bayar yana neman a ba shi. Hawaye suka zubo masa bai shirya ba.

Jibo ya yi gyaran murya daga kan tarakta. "Malam Attahiru, riɗin nan fa ya nuna. Kwana uku in ba a yanke ba, kwanson zai fashe ya zube ƙasa, noman bana ya tafi ke nan."

Attahiru ya dubi gonar, ko rabi bai yanke ba. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya rataya laujen a jikin wani dami, ya kakkaɓe hannu a riga.

"Bar shi ya zube," ya ce. "Juya motar."