Dariyar Auta

Kafinta ya fizge wayar wani mutum a cikin bas. Bai san mutumin ba, mutumin ma bai san shi ba. Suna zaune ne kafaɗa da kafaɗa, mutumin ya sunkuyar da kai yana ta latse-latse, sai wata murya ta fito daga wayar ta ce, "Kash, sun zube. Sake ɗorawa." Sannan ta yi dariya, wata gajeriyar dariya mai ƙarewa da jan numfashi.

Muryar Auta ce, 'yarsa. Ba a cika shekara ba da binne ta.

Bas ta ɗauki hayaniya. Mai wayar ya shaƙo wuyan rigarsa, da ya ga furfura sai ya sake. Kwandasta ya ce idan Baba wasan yake so ai sai ya yi magana a nuna masa, kyauta ne, ba sai an yi fashi ba. Aka yi dariya. Kafinta ya miƙa wa mutumin wayarsa, bai ba shi haƙuri ba, bai yi bayani ba. Ya sauka tun kafin a kai unguwarsu, ya ƙarasa shago da ƙafa.

Auta da mijinta, wanda kowa ke kira Dogo, sana'arsu ƙera ƙananan wasanni ce, irin waɗanda ba sai an sauke su a waya ba. Mutum ya buɗe shafin intanet, ya yi wasa yana jiran layi, layi ya zo kansa ya rufe. Masu talla su liƙa tallarsu a gefe, daga nan abinci ke fitowa. Kafinta bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin aiki ba. A wurinsa aiki shi ne abin da idan an gama za a iya zama a kai, ko a rufe ɗaki da shi. Ya sha faɗa mata haka. Ita kuma ta sha ba shi amsa, don a duk gidan ita kaɗai ce ba ta tsoron fuskarsa.

Wasan da ya yi suna shi ne wanda suka sa wa Lodi. Mota ce a tsaye, kana jera mata kujeru da tebura da akwatuna, kaya na hawa kan kaya, idan ka karkace su rikito. Ƙarar guduma da ta zarto da ake ji a ciki, a shagonsa ta ɗauka. Ta zo da ɗan makirufo ta kafa kusa da hannunsa, ya bar ta, bai ko ɗaga kai ba. Da aka zo kan murya, ba su da halin ɗaukar mai murya, sai ta shiga cikin kabad ɗin kaya ta rufo ƙofa don kada ƙarar titi ta shiga, ta naɗi tata. Ta ce ta wucin gadi ce, kafin a samu ta gaske. Dariyar ma ba da gangan aka yi ta ba, Dogo ne ya buɗe kabad ɗin ya leƙo. Wasa ya karɓu, ba wanda ya sake tuna zancen canji. Sai ciwo ya zo, bai daɗe ba, ya tafi da ita. Muryar kuwa tana nan.

Tun daga nan gari ya ƙi masa daɗi. A shagon aski ya ji ta, askar na kan maƙogwaronsa. A layin asibiti ya ji ta daga bayansa, ya waiwaya da sauri har wuyansa ya riƙe. Wata rana yana auna ƙofa a gidan mutane, dariyar ta fito daga wani ɗaki, ya tsaya da awo a hannu har mai gidan ya tambaye shi ko lafiya. Kowane mamaci a ganinsa yana da wurin kwanciya guda. Tasa 'yar tana cikin aljihun kowa, ana tashin ta duk lokacin da wani ya gaji da zama.

Ranar abin bas, ya koma gida da azahar, abin da bai saba ba. Yana cire takalmi a bakin ƙofa ya ji dariyar daga kicin. Ta tsaya, ta sake. Ta tsaya, ta sake. Ya leƙa. Matarsa ce zaune a kan 'yar kujerar da ya ƙera mata, tukunya na tafasa ba ta kula ba, waya a cinyarta. Ya tsaya yana kallon yatsanta. Ba ɗora kayan take yi ba. Takan ɗauki kujera ɗaya ta ajiye a bakin motar, inda ta san za ta faɗo, ta jira.

Da ta gan shi ba ta ɓoye wayar ba. Ya tambaye ta tun yaushe take wannan. Ta ce tun da aka watse daga zaman makoki. Ya ce wannan ba tarbiyya ba ce, mamaci addu'a yake so. Ta ce tana yi, ba sai ya koya mata ba.

"Kai kana da gudumarka, Malam," ta ce. "Ni wannan nake da shi."

Bai ci abinci ba. Ya mayar da takalminsa ya fita.

Ofishin su Dogo ɗaki biyu ne a saman wani shagon fenti, matattakalarsa na warin fenti da ƙura. Bai taɓa hawa ba sai yau. Abin da ya fara gani shi ne teburin da ya yi musu lokacin aure, dogo, na jan katako, an ɗora masa kwamfuta uku. Wata budurwa mai yi musu zane ta miƙe ta rusuna, wani magidanci mai gwada wasanni ya janye ƙafarsa daga hanya. A ƙarshen teburin akwai kujera da ba kowa a kai. Mayafin Auta na rataye a bayanta, kofinta na gaban kwamfutar, an wanke shi an kife.

Dogo ya fito daga ɗaki na biyu. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaida surukinsa, ya ce da an aiko ai da shi ya zo. Kafinta bai zauna ba. Ya ce magana ɗaya ta kawo shi: a cire muryar 'yarsa daga wayoyin mutane.

Dogo ya ce ya gwada, Allah ne shaida. A sana'arsu idan za a canza abu, raba masu wasa ake yi gida biyu, waɗansu su ga tsohon, waɗansu su ga sabon, a duba wanda ya fi riƙe mutane. Ya ɗauko wata mai murya, ƙwararriya, ya sa ta wa rabi. Waɗanda suka ji sabuwar ba sa daɗewa suke rufewa. Waɗansu har rubutowa suka yi suna tambaya ina mai dariyar nan ta tafi. Ba su san ta rasu ba. Ya kasa ba su amsa, ya mayar da ita.

Kafinta ya ce wannan matsalarsu ce.

Dogo ya ce akwai wadda ta fi ta. Babban shafin da ke ɗauke da wasansu ba ya barin wasa a gaba sai ana ƙara masa sabon abu. Idan aka daina, sai ya riƙa zamewa baya, shafi na biyu, na biyar, har inda ba mai zuwa. Lodi ya fara zamewa. Sun zana sababbin matakai, jirgin ruwa, jirgin ƙasa, an gama komai. Amma sabon mataki yana son sababbin kalmomi, mai faɗarsu kuwa ba ta nan. Idan wasan ya nutse, waɗannan biyun da ke zaune za su koma gida, shi kuma ya rufe ƙofa.

Ya dubi mai zane, mai zane ta dubi ƙasa. Sannan ya ce akwai wata hanya. Akwai na'ura yanzu da ake ba ta muryar mutum ta saurara, bayan nan duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗa da muryar. Ya tattara duk abin da Auta ta taɓa naɗa ya ba ta. Bai saki ko kalma ɗaya ga jama'a ba. Ya je wurin Mama da maganar, ta ce ita ba ta da ta cewa, a tambayi uban yarinya. Ya yi wa kansa alkawari ba zai saki ba sai Baba ya yarda.

Wato matarsa ta sani. Kafinta ya haɗiye wannan, ya ce a kunna ya ji.

Dogo ya zauna a kujerar da ke kusa da mai mayafin, ya rubuta wani abu, ya danna.

"Jirgi ya cika. Sannu da ƙoƙari, mu je gaba."

Kafinta ya dafa teburin. Ya zo da shirin jin ƙarya. Ya yi tsammanin za a ji ƙarfe a ciki, ko wani gurɓi, irin yadda yake gane haɗin katako da aka cike da gam. Ya ce a sake. Aka sake. Ya kasa kunne iyakar iyawarsa, bai samu inda aka haɗa ba. Ita ce. Har ɗan jan numfashin nan na ƙarshe yana nan. Bai san lokacin da idonsa ya koma kan kujerar ba, kamar zai ga mayafin ya motsa.

Ya jawo benci ya zauna. Ya tambayi Dogo ko komai da komai take faɗa. Dogo ya ce komai. Ya tambaye shi ko shi yana sa ta yi masa magana, ba ta wasa ba. Dogo ya kau da kai. Mai gwaji ya tashi ya ce bari ya sauka ya sayo ruwa, alhali ga ruwa nan a kan tebur. Mai zane ce ta ce a hankali, kullum da safe idan Oga ya buɗe kwamfuta, sai muryar ta yi masa sannu da zuwa. Ta ce ita ta daina zuwa da wuri saboda haka.

Dogo ya share fuska da tafin hannu. Ya juyo da allon rubutun wajen surukinsa, ya ce, "Baba, me kake so ta ce maka? Faɗi in rubuta."

Kafinta ya san abin da yake so. Bai yi ko tunani ba, maganar ta zo bakinsa da kanta. Auta takan tsaya a ƙofar shago, ta riƙe ƙugu, ta ce, tsoho, aiki ake yi ko ana yi wa katako faɗa ne? Shi kuma ya ce ta ɓace masa da gani, ya juya baya don kada ta ga bakinsa. Kalmomi kaɗan ne. Dogo zai rubuta su kafin a ƙifta ido. Ya buɗe baki, yatsun Dogo na kan allo suna jira.

Sai ya tuna ranar da ya ce ta bar wannan shirme ta nemi aikin ofis na gaske. A wannan ƙofar shagon ta tsaya, ta ce masa a'a, a gaban masu sayen kujera. Ya yi fushi har ya daina amsa gaisuwarta, ta ci gaba da zuwa tana gaishe shi, ba ta janye ba. Tun tana ƙarama haka take. Ba a taɓa sa mata magana a baki ba. Uwarta ta gwada, malamanta sun gwada, shi ma ya gwada da duk zafinsa.

Ya rufe bakinsa. Ya nuna kwamfutar da haɓa.

"Idan ka rubuta abin da ba ta so, za ta iya ƙi?"

Dogo ya ce na'ura ce, Baba, ba ta ƙi.

Kafinta ya miƙe, gwiwarsa ta yi ƙara. Ya ce tsohuwar dariyar a bar ta inda take. Ita ta shiga kabad da ƙafarta, ita ta yi abarta, kuma akwai mai buƙatarta a gidansa. Zai koyi wucewa idan ya ji ta a titi. Amma wannan sabuwar, a goge ta, har da ta safen.

Dogo ya biyo shi har bakin matattakala. Ya ce Baba ya dubi mutanen nan biyu, mai gwaji yana da iyali. Ya ce kalmomi kaɗan ne kawai, na jirgi da na kaya, ba abin da zai zubar mata da mutunci. Ya ce da tana nan da ta faɗe su da kanta, da dariyarta. Ya ce in ba haka ba wasan zai mutu, kuma shi ne abin da ta bari.

Kafinta ya riga ya sa ƙafa a matakin farko. Warin fenti ya taso masa. Daga ƙasa, a cikin shagon, wani yana wasa, kaya suka zube, Auta ta yi dariya. Ya tsaya har ta gama jan numfashinta. Bai waiwayo ba.

"Bari wasan ya mutu," ya ce. "Ban yarda ba."