Waken Gizo a Bokiti

Jibo ya tsuguna gaban fasasshen bokitin, ya ƙara wa ciyawar waken gizon da ya shuka a ciki ruwa, alhali ƙasar ba ta gama shanye na safe ba. Ganyen ya koma ruwan ɗorawa, wasu har sun zube.

Duk ƙauyen Barkiya an san Jibo, wanda bai san shi ba kuwa shi da kansa zai ba shi labari. Fari bai kore shi ba, fara ba ta kore shi ba, maciji ya sare shi ya tashi ya ƙarasa kunyarsa. Sai da ya tsufa 'yan bindiga suka raba shi da gonar, ya dawo ɗakin hayar 'yarsa Nana Hadiza a Dutsin-Ma. Matarsa Gogo ba ta daɗe a garin ba ta rasu. Buhun geron da suka tsira da shi ita ta sheƙe shi da hannunta, a gindinsa kuwa ya tsinci ƙwayar waken gizo guda da ta kuɓuce mata. Abin da ya ƙare ƙarfinsa yana tugewa a gona, shi ya shuka.

Ya yi masa gatan da bai taɓa yi wa gero ba. Ya roƙo taki wurin mai awaki, ruwa ba dare ba rana, in rana ta take ya ja bokitin inuwa. A bakin masallaci ya ce kafin kaka za su ga yaɗo har kan katanga, shi da ko tsakuwa ya binne sai ta tsiro.

Nana Hadiza ta dawo daga kasuwa, ta danna yatsa a ƙasar, ruwa ya taso.

“Baba, can gida wa yake ba shi ruwa?”

“Ba kowa. Rairayi yake so, da rana, da karan da zai hau. Sai a ƙyale shi.”

Ta ce ashe ya sani.

“Na fi kowa sani. To in na ƙyale shi, ni me zan yi?”

Ya kama tsiron don ya miƙar da shi, sai ya biyo hannunsa, saiwar ta yi baƙi ta ruɓe. Hannun ya ɗaga da kansa zai wurga shi bayan katanga, yadda ya saba a gona. Ya tsaya. Ya karkaɗe ƙasar a hankali, ya naɗe shi, ya sa a aljihu.