Ganyen Kalgo a Ramin Dogon Yaro

Maharazu ya tsugunna ya ja tsiron da yatsa biyu. Ya fito ba gardama, a bushe kamar tsinken tsintsiya. Ya jefar da shi ya matsa rami na gaba, nan ma haka. Rami ɗari huɗu suka haƙa a gefen hanyar Kona ranar bikin dashen itace, da kiɗa da tuta. Bayan wata uku, dogon yaro goma sha ɗaya ne ke da ganye. Ruwa ya ɗauke tun tsakiyar damina, rijiyar da suke ɗiba ta koma laka, awaki suka ƙarasa sauran.

Manzo, shugaban ma'aikatan gandun daji, yana jingine da mota yana fifita da hularsa.

"Nawa?"

"Sha ɗaya, Shef."

"Shekaranjiya sha uku ka ce."

"Shekaranjiya ke nan."

Manzo ya dubi filin, ya dubi agogo. Kumandan, sojan da ke riƙe da gundumar, zai zo da la'asar ya ga itatuwan da ya dasa na farkonsu da hannunsa.

"Ba ya sauka daga mota," in ji Manzo. "Kore kawai yake son gani. Ɗauki amalanke ka shiga gonaki, ka saro mini rassa mu kafa a ramukan. Kalgo za ka nemo, ganyensa na jure rana. Kada ka taɓa dogon yaron cikin gari, ta ƙarƙashinsu yake wucewa kullum."

Maharazu bai motsa ba.

"Takardunka na nan a tebur," Manzo ya ƙara, bai ɗaga murya ba. "In aka tashi lafiya yau, in sa hannu. In aka kore ni, sai ka nemi wanda zai sa."

Wata biyu ke nan takardun suna kwance a teburin. Na neman shiga makarantar koyon aikin daji ne, can wajen Yamai, karatun shekara biyu. Gobe da safe motar wasiƙu ta ƙarshe za ta tafi kafin a rufe karɓa, kuma ba a ɗaukar wanda ya cika talatin. Maharazu saura wata huɗu ya cika. Shekara takwas yana dura ƙasa da taki a baƙaƙen ledoji, yana renon tsiro da ruwan guga, ana dasawa, suna mutuwa. Ba muƙami ne ya fi damunsa ba. So yake wani ya zaunar da shi a aji ya gaya masa me ya sa suke mutuwa.

Ya kora jakin amalanken ya bi ta gabas.

Gonakin sun ba shi tausayi. Geron bai wuce gwiwa ba ya tsaya, babu zangarniya ko ɗaya. Amma a tsakanin karan, nan da can, ga dunƙule-dunƙulen kore shar, kamar wani ya bi yana ajiye su da gangan. Ya tsaya a wata gona da suka fi yawa, ya ciro adda ya fara sara. Addar ta dakushe, sai tauna reshen take yi.

Wani tsoho ya fito daga bukka yana sauri yana gyara riga. Ya hangi kakin Maharazu tun daga nesa.

"Sannu da aiki, soja. Na Allah sunana, gonata ce. Wallahi ban bar su da niyya ba. Bana ƙarfi ne ya ƙare, 'ya'yan duk sun tafi cin rani tun kafin rani."

"Ni ba soja ba ne, Baba. Kuma ba laifi na zo nema ba. Rassa nake so."

Tsohon ya dube shi, ya dubi abin da ya sara.

"Kai ɗan gandun daji ne ko?"

"Ni ne."

"Kuma kai ke sara?"

"Ni ke sara."

Na Allah ya koma bukka ya dawo da addarsa mai kaifi, ya miƙa masa da hannu biyu. "Ungo wagga. Na gode wa Allah da ya nuna mini ranar da gwamnati ta zo yi mini sassabe."

Ya zauna a kan kunya yana kallo. Maharazu ya yi ta sara yana tarawa. A dunƙule na biyar addar ta daki wani abu mai tauri. Ya tone rairayin da hannu, sai ga kututture baƙi, kaurinsa ya kai turmi, ko'ina tabon sara, tsoho a kan tsoho. Ya bi saiwar da hannu har gwiwar hannunsa ta nutse, bai ji alamar ta fara sirancewa ba.

"Tun yaushe yake nan?"

"Ubana ya kada iccen ina goye. Kowace bazara ina sare tohon, kowace damina ya dawo. Bana ko daminar bai jira ba."

"Wa ke ba shi ruwa?"

"Kai ne ɗan lakwal, mai karatun boko. Kai za ka faɗa mini."

"To me ya sa ba ka bar shi ya girma ba?"

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "In icce ya wuce tsayin mutum ya zama naku. In na yanki reshe don akuya, ku zo da takardar tara. Don mi zan reni abin da zai kai ni gabanku?"

Maharazu ya koma kan aikinsa. Ya sare rassan kututturen ɗaya bayan ɗaya. Da ya rage guda, miƙaƙƙe mai kai masa ƙirji, ya ɗaga addar, ya sauke, ya wuce dunƙule na gaba.

Sawu uku ya yi. Shi da leburori biyu suka kafa rassan a ramuka, suka danne da ƙafa, suka yayyafa musu ɗan ruwan da ya rage a duro don ganyen ya yi sheƙi. Kafin la'asar filin ya yi kore. Har wata hawainiya da ta biyo rassan ta haye ɗaya ta kwanta abinta.

Motar kumandan ta zo a hankali. Ta wuce layi na farko, ta wuce na biyu, sannan ta tsaya. Aka buɗe ƙofa.

Kumandan mutum ne siriri, idanunsa ja kamar bai yi barci ba kwana da kwanaki. Ya tako har cikin filin, sakatarensa na biye da littafi. Ya tsaya a kan wani reshe, ya murza ganyen da yatsa, ya ja. Reshen ya fito, ƙasansa fari fes da saran adda.

Babu wanda ya yi motsi. Jakin kaɗai ke kaɗa kunne.

"Kalgo," in ji kumandan. Ba tambaya yake yi ba. Ya dubi hannuwan Maharazu da suka yi kanta. "Kai ka saro?"

"Ni ne, mon kumandan."

"Da saura a inda ka saro?"

"Gonaki cike suke da shi."

Kumandan ya daɗe yana kallon reshen. Sannan ya mai da shi ramin, ya tura ƙasa da takalminsa, ya danne.

"Rubuta," ya ce wa sakatare. "Kashi tamanin sun kama. Maraɗi na jiran rahoto gobe."

Ya shiga mota suka tafi.

A kan murfin mota Manzo ya sa hannu, don tun safe takardun suna cikin jakarsa. Ya hura wa hatimin iska, ya buga. "Ka je ka karanto mana," ya ce, bai ɗago ba.

Rana ta yi ƙasa lokacin da Maharazu ya koma mai da adda. Gonar ta zama fili, duk koren ya tafi. Ya tarar da Na Allah tsaye a kan babban kututturen, yana kallon reshen nan guda.

"Ka mance wanga."

"Ban manta ba, Baba. Bar shi."

"In na bar shi, baɗi zai wuce ni tsayi. Na wa ke nan?"

Maharazu ya taɓa aljihun da takardun suke. Ya san abin da doka ta ce, shi da kansa ya sha karanta wa manoma ita. Bai san ko akwai malami a makarantar da ya taɓa tona gindin kalgo ba.

"Karatu zan tafi, na shekara biyu," ya ce. "In na dawo, nan zan fara zuwa."

"Shekara biyu." Tsohon ya juya addar a hannunsa, ya gwada kaifinta da babban yatsa. "In 'yan'uwanka suka zo da takarda fa?"

"Ka ce Maharazu ne ya bari."

"Sun san ka?"

"Sun san ni."

Na Allah ya sunkuya da ƙyar. Ya kama reshen, ya share ƙananan tohon da ke gindinsa, ya bar kan. Sannan ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaura masa.

"Don kada in mance in sare shi," ya ce. "Hannu ya saba."