Motar da Ke Mutuwa Idan Gwaggo Ta Shiga

Motar Tela ta girmi babbar 'yarsa da shekara goma, amma ba ta taɓa kunyata shi ba sai da Gwaggo ta fara ciwon gwiwa. Gwaggo yayar mahaifinsa ce, ita ta riƙe shi tun yana rarrafe. Mace ce mai jiki, ga son girma. Likita ya ce a riƙa kai ta gashin ƙafa duk Talata, Tela ya ɗauki nauyin kai ta.

Ranar farko suna tsakiyar titi motar ta yi shiru. Ya murza makulli, inji na juyawa amma ya ƙi kamawa. Aka samo wa Gwaggo tasi. Tasi na ɓacewa ya sake murzawa, mota ta tashi lafiya lau. Talata ta biyu haka, ta uku ma haka. Sauran ranaku kuwa ya kai yara makaranta, ya ɗauko yadi a kasuwa, ko tari ba ta yi.

Bakanike na farko ya canza filogi, na biyu ya ce koyil ne, na uku ya sa sabuwar matatar mai. Duk a banza. A gida yara suka samu abin tsokana.

"Gwaggo, motar Baba tsoronki take ji."

Da farko ta yi dariya. Talata ta huɗu sai ta ce gwiwar ta yi sauƙi, a bar asibitin. Da yamma Tela ya hango ta tana bin bango zuwa banɗaki, abin ya tsaya masa a rai.

Wani direban bas da ya kawo ɗinki ne ya kwatanta masa wani mai rewaya, wato mai gyaran wayoyin mota, da ake kira Sannu-Sannu. Rumfar kwano ce a bayan masu faci, wayoyi rataye a jikin ƙusoshi, kowane launi da ƙusarsa. Dattijon bai ko buɗe bonet ba. Ya ba Tela benci, ya shiga jero tambayoyi: wace rana, wa ke ciki, ina kowa ke zama.

"In ta mutu ka kunna makulli, kana jin wata 'yar ƙara daga baya?"

Tela ya ce bai taɓa lura ba. Sannu-Sannu ya kunna makulli, ya sa shi kasa kunne a kujerar baya. Ga ta kuwa, siririya kamar kukan sauro.

"Famfon mai ke nan. Yanzu dai lafiyarsa ƙalau. Ka kawo min Gwaggo."

"Ba za ta zo ba. Ranta ya ɓaci."

"To, mu mu je."

Ya rufe rumfa ya bi shi gida. A tsakar gida ya durƙusa ya gaishe ta.

"Inna, taimako na zo nema. Mutum uku sun nemi ciwon motar nan sun rasa, ke kaɗai kike gano shi."

Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa, sannan ta ce a miƙo mata sandarta.

Aka ta da mota, ta shiga baya ta zauna a ɗofane. Inji ya ci gaba da aiki.

"Zauna yadda kika saba, Inna. Miƙe ƙafar."

Ta jingina da ƙofa ta miƙe ƙafa, nan take inji ya ɗauke. Aka kunna makulli, babu 'yar ƙarar nan.

Da ta fito Sannu-Sannu ya ɗage kujerar, ya bi wayar famfon mai da yatsa a hankali har inda ta ratsa ƙarƙashin wani ƙarfe. Ƙarfen ya cinye robar, ya yanke wayar saura zare biyu. In aka danne sai su rabu, in aka tashi su haɗe. Ya nuna wa Tela baƙin ƙuna a wurin.

"Tartsatsi take yi, ga tankin mai a ƙasa. Yaran nan ba su da nauyin da za su tona ta. Da ba don Inna ba, da haka za ka yi ta yawo da ita."

Gwaggo ta juya wajen yara. "Kun ji ko, marasa nauyi?"

Tela ya tsaya kallon hannun dattijon. Ya datse inda ya lalace, ya haɗa da dalma, ya naɗe da tef, ya canza wa wayar hanya ya ɗaure ta a wuri uku. Mai ɗinki ya san aikin da ba za a sake farkewa ba in ya gan shi. Sau uku aka zagaya unguwa Gwaggo na kishingiɗe a baya, tana ba da umarnin inda za a bi.

Talatar da ta biyo suka isa asibiti kafin layi ya yi tsawo.

A makon ne Tela ya ɗinka rigar aiki mai aljihu shida, da awon ido kawai, ya kai rumfar. Sannu-Sannu ya juya cikinta waje, ya bi ɗinkin da yatsa tun daga wuya har ƙasa, ya gyaɗa kai. Ya zura ta a kan singiletinsa, ya cika aljihun da fis da filaya, ya koma ƙarƙashin sitiyarin bas ɗin da yake dubawa.